Babi na Biyar: Wa'azi a Kan Hanyar Urushalima

Duk mai wa'azin da ya daɗe yana hawa bagade ya san akwai nassin da ke da daɗin karantawa a gaban jama'a, akwai kuma wanda da zarar ya buɗe shi sai bakinsa ya yi nauyi. Labarin bikin aure a Kana ko na ciyar da mutum dubu biyar ba ya ba kowa wahala. Kafin a kai aya ta ƙarshe majami'a ta ɗauka da amin. Amma ranar da karatu ya faɗo a kan barin gida, da ɗaukar gicciye, da yafe wa wanda ya cuce ka sau bakwai a yini guda, sai wuri ya yi tsit. A irin wannan rana ake sanin mai wa'azi na ƙwarai.

Yawancin waɗannan nassoshi masu nauyi suna jere ne a wuri ɗaya cikin Bisharar Luka. A sura ta 9, aya ta 51, Yesu ya ƙudura niyyar tafiya Urushalima, bai kuma isa ba sai a sura ta 19. Daga Galili zuwa Urushalima ta ƙasar Samariya tafiyar kwana uku ce a ƙafa, kuma Markus ya gama da ita cikin kusan sura guda. Luka kuwa ya ba ta surori goma daga cikin ashirin da huɗu na littafinsa. A kan wannan hanya ya tara mafi yawan abin da Yesu ya koyar game da almajiranci da bangaskiya, kamar yana nuna mana cewa waɗannan darussa a tafe ake koyonsu, ana bin sawun Malam.

Tun daga 1969 Ikkilisiyar Katolika ta tsara karatun Lahadi a kan zagayen shekara uku: shekarar Matiyu, ta Markus, da ta Luka, ana kuma sako Yohanna a tsakani. Angilika da Lutheran da Methodist da yawa suna bin tsari mai kama da wannan. A shekarar Luka, kamar 2019 da 2022, karatun wannan tafiya yakan fara a ƙarshen Yuni ya kai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, wato a ƙasarmu daga shuka har kaka. Fada ko katikis ba shi da hanyar tsallake su. Faston ECWA ko na COCIN ko na Baptist, wanda galibi shi ke zaɓen nassinsa, yana iya yin shekaru bai taɓa su ba, babu kuma wanda zai tuhume shi. Nan ne jarabar take. Ikkilisiyar da aka raina da labarin mu'ujizai kaɗai takan ɗauki bangaskiya a matsayin hanyar karɓar abu daga hannun Allah, ta manta cewa a Bishara bangaskiya ita ce abin da ke sa mutum ya tashi ya bi. Wanda ya raba bangaskiya da almajiranci a wa'azinsa ya ba jama'a rabin saƙo.

Mutum uku a bakin hanya

Tafiyar ta fara ne da kora. Wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi saukar da Yesu domin Urushalima ya nufa, gaba kuwa tsakanin Yahudawa da Samariyawa ta ɗaruruwan shekaru ce. Yakubu da Yohanna suka fusata, suka nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye ƙauyen. Yesu ya tsawata musu, suka wuce gaba. Darasin farko da almajirai suka samu a kan hanyar ke nan: ba su da izinin ramuwa a kan waɗanda suka ƙi Ubangijinsu. Mai wa'azi a Kaduna ko Jos ko Zinder bai kamata ya ratsa wannan wuri a guje ba.

Sai mutum uku suka biyo baya. Na farko shi ya kawo kansa, ya yi alkawarin bin Yesu ko'ina. Maimakon marhabin, Yesu ya sanar da shi cewa namun jeji da tsuntsaye sun fi shi wurin kwana. Na biyu Yesu ne ya kira shi, shi kuwa ya roƙi a bar shi ya binne mahaifinsa tukuna, aka ce masa shelar Mulkin Allah ba ta jira. Na uku ya nemi ya je ya sallami mutanen gida kawai, aka amsa masa da misalin mai noma da ke waiwaye.

Masu wa'azi da yawa sukan yi saurin sassauta maganar mutum na biyu, su ce ai mahaifin yana da rai, ɗan yana so ne ya zauna har tsohon ya rasu. Nassin bai faɗi haka ba. A wurin Yahudawa, kamar a wurinmu, binne uba haƙƙi ne da ba a ɗaga shi, kuma a ranar ake yi. Yesu ya zaɓi abu mafi tsarki a idon jama'arsa ya ce kiran Allah yana gaba da shi. Idan mai sauraro bai ji maganar ta soke shi ba, to ba a karanta masa ita daidai ba.

Amsar da aka ba mutum na uku tana da tushe a Tsohon Alkawari, shi ya sa tsarin karatun Lahadi ya haɗa ta da 1 Sarakuna 19. A can annabi Iliya ya tarar da Elisha yana huɗa, shanu bibbiyu har goma sha biyu a gabansa, ya kira shi, ya kuma bar shi ya je ya sallami iyayensa. Elisha ya yanka shanunsa, ya dafa naman da itacen garmar, ya ciyar da mutane, ya bi Iliya. Abin da Iliya ya yarda da shi, Yesu bai yarda ba, domin kiransa ya fi na annabi gaggawa. Manomin da ya taɓa riƙe garmar shanu ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ido yana kan ƙarshen gona, hannu yana kan garma. Ka waiwaya sau ɗaya, kunya ta karkace, duk wadda za ta biyo bayanta kuma a karkace za ta tafi.

Luka bai gaya mana abin da mutanen uku suka yi ba. Ko sun bi, ko sun koma, ya bar maganar a buɗe. Mai wa'azi ma ya bar ta haka, domin amsar tana wurin waɗanda ke zaune a gabansa.

Lissafi kafin gini

A sura ta 14 taro ya yi yawa a bayan Yesu. Wani shugaban da murna zai yi. Shi kuwa sai ya juya ya gindaya musu sharuɗɗa uku: dangi da rai kansa su koma bayansa, kowa ya ɗauki gicciyensa, kowa ya saki abin da ya mallaka. Luka ya kawo sharaɗin farko da lafazin ƙiyayya, Matiyu 10:37 kuwa ya nuna manufar ita ce kada a ƙaunaci uwa ko uba fiye da Almasihu. Dole mai wa'azi ya bayyana wannan, domin wanda ya tsawata wa Farisiyawa a kan hana iyaye haƙƙinsu da sunan baiko, kamar yadda yake a Markus 7, ba zai koyar da wulaƙanta iyaye ba. Sai dai bayanin ba ya rage nauyin. A ƙasar da mutum ba ya aure, ba ya gado, ba ya shiga kabari sai da dangi, a ce akwai wanda ke gaban dangi magana ce babba.

Gicciye ma a kunnen taron nan ba abin wuya ba ne, ba kuma ado ne a bangon majami'a ba. Hukunci ne da Romawa ke yi wa bayi da 'yan tawaye, wanda aka yanke wa kuwa shi ke ɗaukar gungumen zuwa wurin kisa, jama'a na kallo. Masanin tarihi Yusufus ya rubuta cewa bayan mutuwar Hirudus Babba, a shekara ta 4 kafin lissafin miladiyya, wani gwamnan Romawa mai suna Farus ya gicciye Yahudawa kusan 2,000, sojojinsa kuma suka ƙone garin Seforis da ke kusa da Nazarat. Dattawan da ke cikin taron sun san abin da ake nufi. Saboda haka kuskure ne mai wa'azi ya riƙa kiran kowane ciwon baya ko maƙwabci mai fitina gicciye. Gicciye shi ne abin da ya same ka saboda ka bi Yesu, wanda da ka ja da baya ba zai same ka ba: ɗaukakar da ta wuce ka a ofis domin ka ƙi sa hannu a takardar ƙarya, ko cinikin da ka rasa domin ka ƙi tauye mudu. Luka 9:23 ya ƙara cewa kowace rana ake ɗaukarsa.

Misalai biyu suka biyo baya. Mai son gina hasumiya yakan zauna ya ƙirga kuɗinsa, kada ya kafa harsashi ya tsaya mutane su yi masa dariya. Sarkin da ke da mayaƙa 10,000 yakan yi shawara kafin ya tari mai 20,000. Yesu ba ya cinikin biri a sama. Ya fi son mutum ya san farashin tun yana bakin ƙofa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wa'azin da ke kiran mutane su fito gaba da alkawarin cewa daga yau matsala ta ƙare yana tara jama'a da sauri, amma ranar da iska ta taso haka suke watsewa da sauri, wasu kuma su tafi suna ganin Allah ne ya yaudare su.

Wani fasto Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer, ya rubuta littafi a kan almajiranci a 1937, lokacin da ikkilisiyoyi da yawa a Jamus suka sunkuyar da kai ga gwamnatin Hitler. Ya zarge su da raba alherin Allah a arha, ana shelar gafara ba tare da neman tuba ko biyayya ba. An rataye shi a sansanin Flossenbürg ranar 9 ga Afrilu 1945. Mu ma ba sai mun je Turai neman shaida ba. Ekklisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, wadda aikinta ya fara a Garkida a 1923, ita ce ikkilisiyar mafi yawan 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014, kuma a Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatarta a Kwarhi. A Janairun 2020 suka kama Rabaran Lawan Andimi a Michika. A bidiyon da suka sa shi ya yi, ya nuna bai karaya ba, ya miƙa al'amarinsa ga Allah, kafin watan ya ƙare kuma suka kashe shi. Wanda zai yi wa'azin Luka 14 a gaban gwaurayen wannan yanki ba shi zai koya musu farashin almajiranci ba. Sun riga sun biya. Aikinsa shi ne ya tabbatar musu cewa abin da ya same su ba alamar Allah ya yashe su ba ce, tun a kan hanyar Urushalima aka faɗe shi.

Ƙwayar mustad

A Luka 17:5 manzanni suka roƙi Yesu ya ƙara musu bangaskiya. Karatun Lahadi ta 27 a shekarar Luka daga wannan aya yake farawa, masu wa'azi da yawa ma daga nan suke ɗauka. Amma wanda ya koma baya aya biyu zai ga abin da ya jawo roƙon. Yesu ya gama gaya musu cewa idan ɗan'uwa ya yi laifi a tsawata masa, idan ya tuba a yafe masa, ko da sau bakwai ya maimaita a yini ɗaya. Abin da ya fi ƙarfin manzanni ke nan. Ba warkar da makaho suka ga ya gagare su ba, ba kuma arziki suke nema ba. Gafara ce ta yi musu nauyi.

Yesu bai ƙara musu komai ba. Ya ce da suna da bangaskiya ko da gwargwadon ƙwayar mustad, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, da sun umarci itace mai zurfin saiwa ya tumɓuke ya dasu a teku, ya kuwa yi. Sun yi tambaya a kan yawa, shi kuwa ya kawar da maganar yawa gaba ɗaya. Ƙarfin bangaskiya yana wurin wanda aka dogara gare shi. Kaɗan ɗin da ke hannunsu ya isa su fara yin abin da aka umarce su, kuma a cikin yin ne za su ga itacen ya motsa.

An cuci wannan aya ƙwarai a zamaninmu. Ana karanta ta a taron farkawa, a ce wa talaka ya kawo baikon shuka iri gwargwadon girman bangaskiyarsa, mota da gida da biza suna tafe. Idan abin bai zo ba, laifin nasa ne, bangaskiyarsa ce ta gaza. Mafi muni shi ne a tsaya a gaban uwar da ta binne ɗanta a nuna mata cewa da ta ba da gaskiya sosai da yaron bai mutu ba. Wannan zalunci ne da sunan Allah. Yesu da kansa ya yi addu'a a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a ɗauke ba, kuma babu mai cewa bangaskiyarsa ce ta kasa.

Idan ana neman itacen da aka tumɓuke a gaban idonmu, a duba Kaduna. A rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf, James Wuye, wanda ke jagorantar matasan Kirista, ya rasa hannunsa na dama. Muhammad Ashafa, a ɓangaren Musulmi, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. An haɗa su a 1995, suka fara aiki tare, amma Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya yi shekaru yana ɓoye ƙudurin ramuwa a zuciyarsa, har wani mai wa'azi ya gaya masa cewa ba a shelar Almasihu da ƙiyayya a ciki. Ashafa ma huɗubar Juma'a a kan yafiya ce ta karya masa zuciya. Cibiyar sulhun da suka kafa ta shiga tsakani a wurare irin su Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004. Kowannensu yana nan a kan addininsa, kuma kowannensu wa'azi ne ya juya shi. Mai hawa bagade ya san cewa abin da yake faɗa ranar Lahadi yana iya kashe wuta, yana kuma iya hura ta.

Bayan maganar ƙwayar mustad, nan take Yesu ya ɗora misalin bawan da ya dawo daga gona ya wuce madafa, bai kuma jira a gode masa ba. Misalin yana da ɗaci ga duk wanda kakanninsa suka san bauta, kuma ba yabon bauta yake yi ba. Ya ɗauko abin da kowa ya sani a zamanin ne domin ya toshe wata ƙofa. Wanda ya yafe sau bakwai yana iya fara ganin Allah ya ci bashinsa. Almajiri ba ya bin Allah bashi, ko ya yi shekara hamsin yana hidima. Mai wa'azi ya haɗa wannan da Luka 12:37, inda maigida ya yi ɗamara ya zaunar da bayinsa ya yi musu hidima, da kuma jibin ƙarshe, inda Yesu ya ce shi mai hidima ne a tsakiyarsu. Abin da ba za mu iya nema a matsayin lada ba, shi yake bayarwa kyauta.

Abin da ya rage wa mai wa'azi

Akwai hatsari a ɗaya gefen ma. Wani mai wa'azin yakan ji daɗin nassoshi masu tsanani, ya mai da su bulala, jama'a su fita a sunkuye suna ganin almajiranci na waliyyai ne kaɗai. Luka bai bar mu a nan ba. Mutanen da ya nuna mana a ƙarshen tafiyar ba jarumai ba ne. Cikin kutare goma da aka warkar, wanda ya dawo godiya Basamariye ne, daga kabilar da Yakubu da Yohanna suka so ƙonewa. Akwai gwauruwar da ta nace wa azzalumin alƙali har ya ba ta haƙƙinta. Akwai makahon bakin Yariko da aka yi ta kwaɓa ya ƙi yin shiru, da idonsa ya buɗe kuma ya bi Yesu. Wani shugaba mai dukiya, wanda ya kiyaye doka tun yana yaro, ya ji farashin ya yi baƙin ciki. Zakka kuwa, shugaban masu karɓar haraji da gari ya tsana, ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Abin lura shi ne Yesu ya shiga gidansa tukuna, sannan Zakka ya buɗe taskarsa. Alheri ne ke zuwa da fari, biyayya ta biyo shi.

Bitrus, wanda ya bar jirginsa tun a sura ta 5, ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya. Yesu ya riga ya gaya masa haka za ta faru, ya kuma ce ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare, in ya juyo kuma ya ƙarfafa 'yan'uwansa. Ranar da aka fita da gicciye, babu ɗaya daga cikin sha biyun da ya ɗauke shi a bayan Yesu. Wani baƙo ne, Siman daga Kurane a ƙasar Libiya ta yau, aka tilasta wa. Matan da suka biyo shi tun daga Galili, su Maryamu Magadaliya da Yuwana, waɗanda suka riƙa ɗaukar nauyin tafiyar daga aljihunsu, su ne suka ga inda aka sa shi, su ne kuma suka fara kai labarin tashinsa. Zumuntar mata a ikkilisiyoyinmu ta cancanci ta ji wannan daga bagade fiye da sau ɗaya a shekara.

Tun 1932, lokacin da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bayan aikin da Dokta Walter Miller da abokan aikinsa suka yi shekaru suna yi, waɗannan surori suna hannun duk mai iya karatu, daga Wusasa har Galmi. Jama'a za su karanta su ko mai wa'azi ya taɓa su ko bai taɓa ba. Haƙƙinsu a kansa shi ne ya karanta nassin da abin da ke gabansa da bayansa, ya faɗi farashin yadda yake ba ragi ba ƙari, ya kuma faɗi alherin da ke sa a iya biya. Ya ambaci abin da bin Yesu zai ci wa ɗan kasuwa da malamar asibiti da ɗan sanda da ɗalibi a wannan mako, da sunan abin. Sannan ya sani cewa daga Litinin zuwa Asabar ikkilisiya tana kallonsa: yadda yake riƙe kuɗin baiko, yadda yake magana a kan maƙwabtansa Musulmi, da ko shi ma yana yafe wa dattijon da ya yi masa adawa a majalisar ikkilisiya. Kyan alkawari cikawa. Ba za a gaskata kiran da yake yi wa mutane su bi ba sai an ga shi ma a kan hanyar yake.